Keken Chuwang a Watan Maris

Da zarar watan Maris ya kama, Chuwang ba ya iya zama wuri ɗaya. Lokacin ne ake tseren keke na mako guda a Faransa, daga Paris zuwa Nice, ɗaya daga cikin waɗanda ke buɗe shekara. Shi ma ɗan tsere ne a Jos kafin ya zo garin Largo a ƙasar waje ya zama nas. Ya san tarihin tseren tun farawarsa a 1933, har shekarun da yaƙin duniya ya tsayar da shi.

Nasa keken kuwa yana rataye a gareji tun da wata mota ta buge shi a mahaɗar hanya kusa da gida, ta karya masa kafaɗa.

Ranar ƙarshe ta tseren 2011 ta faɗo Lahadi. Ya ƙi zuwa coci, yana kallo a kwamfuta. Ya zauna, ya tashi, ya leƙa taga, ya haɗa shayi ya manta da shi. Ana tsakiyar hawan dutse sai hoton ya tsaya cak.

"Baban Irene, ka ishe ni da zirga-zirga," in ji matarsa Pauline, tana ɗaura ɗankwali. "Ko ka zauna, ko ka fita."

Sai ya fita. Ya sauko da keken, ya sa wa tayoyin iska, ya hau. Sanyi na yanka masa kunne, gwiwoyinsa na ƙara. Da ya hango mahaɗar nan, sai ya kama birki. Ya sauka, ya tura keken ya tsallaka a ƙafa, wata tsohuwa a tashar bas tana kallonsa. A ɗaya gefen ya sake hawa.

Ya yi ta tafiya, ya wuce unguwannin da ya sani, har tayar baya ta fashe kusa da garin Upper Marlboro. Ya kira Pauline.

Ta iso da mota cikin kayan coci, ta same shi a bakin titi yana haki, yana kai da kawowa.

"Ka ji ciwo?"

"A'a. Yunwa nake ji."

Ta buɗe masa bayan mota. Tun kafin su kai gida ya fara lissafa mata hanyar da zai bi ranar Asabar.