Farkon Niƙan Kwalli Mai Barewa

A gidan Haji Inayat da ke tsohon garin Bareilly, ba a fitar da sabon niƙan kwalli kasuwa sai an fara sa wa autan yaran gidan. Ranar Juma'a ake yi, bayan an sauko daga masallaci. Tsohon zai zauna a gadon igiya a tsakar gida, a miƙo masa jaririn, ya tsoma tsinken azurfa a tandu, ya yi bismillah ya ja a ido ɗaya, ya ja a ɗayan. Jariri ya tsala ihu, mata su yi dariya, a raba alewar madara. Daga nan sai ya faɗi maganar da kowa ya haddace: abin da ba zai sa wa jikansa ba, ba zai sayar wa ɗan wani ba.

Nuzhat, matar ƙaramin ɗansa Tabrez, ta ga an yi hakan sau biyar tun zuwanta gidan. Mace ce marar yawan magana, irin wadda in baƙi sun zo take fakewa da dafa shayi. Tana da digiri biyu a kimiyyar sinadarai, amma takardun suna ƙasan akwati tare da zannuwan gado, kuma babu wanda ya taɓa tambayar me ta karanta.

Sai da Shakeb ya so zama mai kamfani aka tuna da su.

Shakeb shi ne yayan mijinta. Bai taɓa riƙe dutsen niƙa na minti goma ba, amma ya iya tsayawa a bakin ɗakin niƙa yana waya da ƙarfi, ƙamshin turarensa na danne na kafur. Ya gaji da sayar da Kwalli Mai Barewa a 'yan tanduna a ƙofar masallaci da bakin hubbaren waliyyai. Kwalabe masu murfin zinare yake so, da manyan kantuna, da ciniki ta intanet. Sai aka gaya masa ana bukatar lasisin kayan kwalliya, lasisin kuma ba ya fita sai da takardar ɗakin gwaji da sunan wani mai ilimin sinadarai da zai ɗauki alhakin abin da ke cikin kwalbar.

"Ashe muna da farfesa a madafa muna ta sa ta yanka albasa!" in ji shi a wurin cin abinci. "Amarya, fito mana da takardun nan, yau ranarsu ta zo."

Ta fito da su. Har daɗi ta ji, abin da daga baya ta riƙa jin kunyar tunawa. Ita da kanta ta ɗebi samfuri daga niƙan da ke ƙasa, ta rufe, ta rubuta kwanan wata, aka aika ɗakin gwaji a Lucknow.

Bayan kwana goma sha biyu sakamako ya dawo. Ta karanta shi a tsaye a bakin matakala. Tun tana makaranta ta san baƙin dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa dutsen dalma ne, amma sanin littafi daban, ganin lamba a takarda daban. Doka ta yarda da dalma kashi ashirin cikin miliyan. Nasu ya haura sittin cikin ɗari.

Ta sami Shakeb a ɗakin da yake kira ofis, wanda da can wurin ajiye buhuna ne.

"Bhaijan, ba ƙazanta ce ta shiga ba," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. Haka take kiransa, wato babban yaya. "Kwallin kansa dalma ne. Yaro ya murza ido ya sa hannu a baki, ta shiga jini. Ba ta makantarwa, shi ya sa ba a gani. Ƙwaƙwalwa take ci a hankali."

Ya karɓi takardar ya juya ta gaba da baya, kamar mai neman wurin da aka rubuta rangwame.

"Shekara sittin Abba yana niƙa abin nan. Ni aka sa wa, mijinki aka sa wa. Kin ga ƙwaƙwalwata ta taɓu?"

Nuzhat ta kalli ƙasa. Amsa ta zo mata har bakin leɓe, ta haɗiye ta.

"Kada ki kuskura Abba ya ji," in ji shi. "Zuciyarsa ba ta da ƙarfi. Ke dai ba farfesa ba ce? To haɗa mana wanda zai ci jarrabawar."

Wata guda ta yi a kai. Ta jera fitilun man zurma a ɗakin sama, ta kifa farantan tagulla a kansu tana kankare kunkunniya. Ta tace ta da ƙyalle mai laushi, ta gauraya da ɗan kafur, ta auna komai ta rubuta a littafi don niƙa na biyu ya fito daidai da na farko. Wani ta ajiye a rana, wani kusa da randa inda akwai danshi, ta ga ko zai dunƙule ko ya canja wari. Ya fito baƙi ƙirin, mai laushi, sai dai ba shi da ƙyallin dutse, ba shi da nauyinsa a hannu. Shakeb ya shafa a bayan hannunsa ya taɓe baki.

"Wannan ai gindin tukunya ne. Amma kawo."

Aka aika, ya ci jarrabawa, lasisi ya fito da sunanta a ciki. Ranar har mijinta ya sayo mata jalebi, wani soyayyen kayan zaƙi, da zafinsa a takarda.

Mako biyu bayan haka ta sauka neman almakashi a ɗakin niƙa. Masu niƙa suna durƙushe a kan duwatsunsu kamar kullum, ƙurar nan mai ƙyalli ta hau musu gira. A gefe kuwa ga sababbin kwalabe masu murfin zinare a jere, ana ɗura musu garin dutse. Ta ɗauki ɗaya ta karanta. Hoton barewa, lambar lasisi, sannan da manyan baƙaƙe: an gwada, babu dalma.

"Me kike zare ido?" in ji Shakeb daga bayanta. "Takardar gaskiya ce, ba ni na buga ta ba. Mutane ƙyalli suke saye, Amarya. In na ba su toka, su koma wurin maƙwabta."

"Sunana ne a kai, Bhaijan."

"Sunanki a gidan nan yake ci yake sha."

Ta gaya wa Tabrez. Ya saurare ta yana sosa ƙeya, ya ce lallai abin bai yi kyau ba, ya ce zai yi wa yayansa magana idan ya sami fuska. Tabrez mutum ne mai kirki, irin kirkin da ba ya tsinana wa kowa komai. Fuskar ba ta samu ba. Ita ma Nuzhat ba ta sake cewa uffan ba. Kullum da safe tana jin ƙarar duwatsu daga ƙasa tana shayar da 'yarta Insha, tana raina Shakeb, tana raina mijinta, kanta kuma ta fi rainawa.

Abu ɗaya take riƙe da shi. Insha wata bakwai gare ta, ta tsallake niƙan baya domin lokacin suna gidan iyayen Nuzhat wankan jego. Yanzu kuwa ba ita ce auta ba. Rubab, matar Shakeb, ta haifi namiji wata uku da suka wuce, Arham. Nuzhat ta san wannan lissafi mugun lissafi ne, amma ta yi shi. Ta ce a ranta, bari a gani ko uban zai iya tsayawa yana kallo.

Ranar Juma'a aka share tsakar gida, aka fito da gadon igiya. Haji Inayat ya dawo daga masallaci da farar hularsa, idanunsa rambaɗe da kwalli kamar kullum. Aka ajiye masa sabuwar kwalba mai murfin zinare. Ya ɗaga ta ya duba, ya yi tsaki.

"Kwalliyar banza. Kawo mini angon."

Rubab tana tsaye can bakin ƙofar ɗakinta, ta rungume Arham, ta ja mayafi ta rufe masa fuska. Ba ta motsa ba.

"Abba, an yi masa allurar rigakafi shekaranjiya," in ji Shakeb da sauri. "Likita ya ce kada a sa masa komai a ido sai bayan wata guda."

"Allura a cinya, me ya haɗa ta da ido?"

"Likitocin yanzu ne, Abba, ka san su. Ai ga Insha nan, ba a taɓa sa mata ba. Amarya, miƙa ta mana, kada alewa ta narke."

Ya faɗa yana murmushi, bai ko kalle ta ba. Nuzhat ta dube shi sosai, karon farko tun da ta shigo gidan. Ashe ya yarda da takardar. Ya yarda da kowane harafi nata. Mutumin da ya tambaye ta ko ƙwaƙwalwarsa ta taɓu ya kwana yana ƙirƙiro likita don ya kare ɗansa, sannan ya duba cikin gida ya zaɓi ɗiyar da za a miƙa a madadinsa.

Tsohon ya miƙo hannuwa. "Zo nan, 'yar tsohuwa. Yau za ki yi kyau ki fi uwarki."

Insha ta wangale baki tana dariya, tana miƙa hannu wajen gemunsa. Tabrez ya taɓa gwiwar hannun matarsa a hankali, alamar ta yi haƙuri a wuce wurin.

"A'a, Abba," in ji Nuzhat.

Muryar ta fito siririya har sai da tsohon ya karkato kunne.

"Me kika ce, 'yata?"

"Ba za a sa mata ba. Dalma ce a ciki, fiye da rabi. An gwada. Wanda ya ci jarrabawa daban ne, ba shi ne a kwalbar nan ba."

Wata gwaggon Tabrez da ke riƙe da farantin alewa ta ce, "Inna lillahi, karatu ya yi mata yawa."

Haji Inayat ya yi dariya ta hanci. "An gwada! Wa ya gwada? Yaran da ba su san dutsen kwalli da dutsen wanki ba? Ni na jiƙa dutsen nan kwana arba'in a ruwan wardi, kamar yadda ubana ya yi. Duk wani dafi da ke ciki ya fita. Shekarata saba'in da shida, da idon nan nake zura zare a allura."

"Ruwan wardi ba ya fitar da ita, Abba."

"Ke za ki koya mini?"

Nuzhat ta san ko ta ɗauko takardar ba zai karɓa ba. Sai ta ce, "To a fara da Arham. Shi ne auta. Wane likita ne, Bhaijan? Faɗi sunansa, Tabrez ya kira shi yanzu."

Shakeb ya ce ba ya son rashin kunya. Ya ce lambar tana ɗaya wayar. Ya ce wai shi za a titsiye a gaban mata. Tsohon ya daina kallon Nuzhat, ya juya yana kallon babban ɗansa, tsinken azurfa a hannunsa.

"Kawo yaron, Shakeb."

"Abba, ai na ce..."

"Rubab, kawo mini jikana."

Rubab ta ƙara ƙanƙame jaririn ta ja da baya har ta bugi ƙofa. "Wallahi ba za a sa masa ba! Shi ya ce mini guba ce. Ya ce ko hannuna ya taɓa in wanke kafin in ba shi nono. Ku tambaye shi!"

Babu wanda ya tambaye shi. Shakeb ya ciro wayarsa ya duba, kamar an kira shi, ya mayar aljihu.

Haji Inayat ya daɗe yana kallon kwalbar. Sannan ya tsoma tsinken, ya ja a idonsa na dama, ya ja a na hagu, a hankali. Ya goge tsinken a gefen rigarsa ya rufe kwalbar.

"Daga yau," in ji shi, "kada a sake sa wa wani yaro na gidan nan."

Ya tashi ya shiga ɗakinsa. Nuzhat ta tsaya tana jiran sauran maganar, wadda ya saba rufewa da ita kowace Juma'ar niƙa. Ƙofa ta rufu, maganar ba ta zo ba. A zaure kwalaye arba'in suna jiran mai keken kaya da zai zo ranar Litinin, kuma a kansu bai ce komai ba.

Gwaggon ta rasa yadda za ta yi da alewa, sai ta fara rabawa haka nan. Shakeb ya riga ya dawo hayyacinsa, yana gaya wa Tabrez cewa abin ba wuya, sai a ƙara ɗan layi a ƙasan kwalba cewa ban da ƙananan yara, da ƙananan baƙaƙe yadda ba zai ɓata hoton barewar ba. Tabrez yana gyaɗa kai.

Nuzhat ta hau sama da 'yarta. Ta kwantar da ita, ta yago takarda daga littafin da take rubuta awon kunkunniya, ta rubuta wa ofishin lasisi layi huɗu: ta janye sunanta daga ranar, abin da ke cikin kwalaben ba shi aka gwada ba, ga kwafin sakamakon farko. Ta san lasisin ba zai tsaya ba in babu sunanta, ta kuma san irin zaman da za ta yi a gidan bayan haka.

Ranar Asabar da hantsi ta saɓa Insha a kafaɗa ta ɗauki jaka. A zaure ta iske Shakeb yana liƙa wa kwalaye takarda.

"Ina zuwa, Farfesa?"

"Gidan waya, Bhaijan," ta ce, ta raɓa ta gefen kwalayen ta fita.