Tsallen Pake Tjibbe a Faifai

Ƙarfe bakwai da rabi na safe, ana wani siririn yayyafi da mutum ba ya jin sa sai ya ga rigarsa ta jiƙe, ina tsaye a layi a ƙofar babban kantin nan mai arha na cikin gari. Ranar ce suka ce za su fito da na'urar da ke ɗaukar hoto a faifan DVD, 'yan kaɗan, wanda ya riga shi ya samu. Ni kuwa ba mai sauri ba ne. A kamfanin cuku aikina juya cuku a kan katako, kuma cuku bai taɓa gudu ya bar ni ba. Da aka buɗe, jama'a suka kwasa a guje, ni na tsaya na riƙe wa wata tsohuwa ƙofa. Ashe ita ma abin da ya kawo ta ke nan. Ta ɗauki mai kyakkyawan kwali, ta bar mini ta ƙarshe, wadda kwalinta ya ɓurma ta gefe.

Saboda kakana na saye ta, Pake Tjibbe. Labari ɗaya gare shi a duniya: yadda ya tsallake babban rafin bayan coci da doguwar sanda, ranar bikin ƙauye, lokacin ina cikin zanen goyo. Kowace shekara rafin ƙara faɗi yake yi a bakinsa. In ya kai ƙarshe sai ya nuna saman kabad ya ce, "Yana cikin kaset ɗin can. Mai gidan burodi ne ya ɗauka. Da bidiyonmu bai mutu ba, da kun gani da idonku."

Mu duk mun haddace labarin. Amma a bana ya sami sabon kunne, wata dattijuwa da muke kira Tante Sietske don girmamawa, wadda mijinta ya rasu ta dawo layinmu da zama. Tun zuwanta Pake ya fara goge riga da kansa, har gashin kunne ya sa na rage masa. Rannan na ji ta ce masa, "Kai, Tjibbe, da na so in ga tsallen nan." Sai na ce a raina, to ga kyautar cikarsa shekara saba'in ta samu. Na aro tsohon bidiyo wurin abokin aikina, na ɓoye komai a rumfar keke.

Ranar Asabar da la'asar muka jera kujeru a falo, ga kofi, ga burodin sukari da man shanu. Mu huɗu ne: ni, Pake, Tante Sietske, da tsoho Auke maƙwabcinmu. Auke yana bakin rafin ranar da aka yi tsallen, amma duk lokacin da ake labarin ba ya cewa komai, tari kawai ke kama shi.

Na shigo da kwalaye biyu na dire a tsakiya.

"Hidde, wannan fa?" in ji Pake.

"Kyautarka ce. Wannan zai kunna kaset, wannan kuma ya kwafe shi a faifai. Faifai ba ya lalacewa, Pake. Har jikokin jikokinka sai sun ga tsallen nan."

Burodi ya sarƙe shi. Sai da Tante Sietske ta bubbuga masa baya, idanunsa suka kawo ruwa. Ni na ɗauka daɗi ne ya yi masa yawa, har na sunkuyar da kai don kada ya ji kunya.

Na haɗa wayoyi yadda na ga sun dace, na sa sabon faifai. Na'urar ta yi gurnani kaɗan, ta turo shi waje. Na mayar, ta sake turowa, kamar yaron da ake ɗura wa magani. Auke ya jawo kwalin ya kai shi dab da hancinsa.

"Yaro, na'urar nan faifai mai alamar tarawa take karɓa, ga shi an zana a nan. Faifanka kuwa alamar ɗebewa ce."

"Da bambanci ne?"

"Ka tambayi malamin lissafinku."

"Ai ban daɗe a wurinsa ba."

"An gani," in ji Auke.

Ban taɓa ganin mutumin da kyautarsa ta lalace ya yi murna irin ta Pake ba. "Kash! Kash, kash. Shi ke nan, haka Allah ya so. Ga shi kantuna sun rufe, gobe kuma Lahadi. Kada ka damu, ɗana, niyya ce babba. Sietske, a ƙara kofi?"

"Tsaya," in ji Tante Sietske. "Mai alamar tarawa? Ɗana ya bar mini su cike da leda. Su nake ratayawa a bishiyar lambu don korar tsuntsaye. Akwai waɗanda ban taɓa ba." Ta ɗauki lema, sai ga ta a tsallaken titi.

Pake ya kamo hannun rigata ya ja ni kicin, ya tura ƙofa da ƙafa.

"Hidde, rafin nan..."

"Na'am, Pake."

"Ban tsallake shi duka ba."

"Rabi?"

"Tsakiya na sauka."

"Ruwan ya kai maka ina?"

"Hulata ce kaɗai ta rage a sama." Ya goge goshi. "Da suka jawo ni kuma, laka ta riƙe wandon. Gaban 'yan kaɗe-kaɗen coci. Mai burodin nan mugu ne, bai sauke kyamara ba sai da na shige bayan motar madara."

Na daɗe ina kallonsa. Ni dai abu yakan ɗauke ni lokaci kafin ya zauna mini.

"To me ya sa kake cewa a duba kaset?"

"Saboda bidiyon ya mutu, sakarai! Wa ya ce ka tashe shi? In matar nan ta gan ni ba wando, da wane ido zan kai mata waken lambuna gobe? Ka ce na'urar ta lalace."

Na ce to. Amma ni ƙarya ba ta zama a fuskata, kunnuwana ja suke yi. Muna fitowa muka tarar Tante Sietske ta dawo, ta sa tabarau, littafin na'urar a buɗe a cinyarta. Ta yi shekaru tana aiki a ofishin makaranta, ba ta jin tsoron takarda.

"Tante, ina jin kamar ta lalace," na ce.

Ta dubi kunnuwana, ta dubi bayan talabijin. "Lafiyarta ƙalau. Ka sa wayar shiga a ramin fita ne." Ta durƙusa ta gyara da kanta, ta sa faifai, na'urar ta haɗiye shi ba gardama. Ta tattara rimot biyun ta riƙe. "Littafin ya ce in an fara ɗauka ba a tsayarwa, ba a gaggautawa. Yadda kaset ke tafiya haka faifai ke bin sa. Kowa ya zauna."

Muka zauna. Hoton ya fito yana rawa, launinsa duk ya koma kamar ruwan shayi. Aka nuna 'yan kaɗe-kaɗe suna wucewa. Aka nuna yara suna tseren ƙwai a cokali. Daga nan mai burodi ya manta kyamara a kunne, muka daɗe muna kallon takalmansa suna tafiya a ciyawa, har ya tsaya ya sayi soyayyen kifi.

"Sietske, zo ki ga yadda wakena ya yi," in ji Pake.

"Ana ruwa."

"A ruwa ya fi kyau."

"Zauna, Tjibbe."

Can kuma ya ɗaga hanci. "Ba ku ji warin gas ba?"

"Murhunka na lantarki ne," in ji Auke, yana shafa man shanu a hankali. "Kwantar da hankalinka, gwanin tsalle. Ga ka nan tafe."

"Kai dai ci ka tashi, tsohon banza. Wa ma ya gayyace ka?"

"Ni? Ai ko a gadon asibiti nake sai an turo ni yau."

Wata saniya ta cika talabijin tana kallonmu, mu ma muna kallonta. Na yi ta tunanin abin da zan yi. In tashi in taka waya? Tana bayan kabad. In ce cikina ya murɗa? Wannan ni kaɗai zai fitar. Kafin in gama tunani saniyar ta kauce, sai ga rafi, ga jama'a maƙil a baki, ga doguwar sanda a kafe a ruwa. Sai ga wani mutum mai baƙin gashin baki da farin gajeren wando yana miƙa ƙafafu.

"Kai!" in ji Tante Sietske. "Tjibbe, ashe ka yi kyau."

"Ashe?" in ji Pake. Ya riƙe hannun kujera da hannu biyu.

Mutumin ya kwaso gudu. Gaskiya gudun ya yi kyau. Ya daka tsalle ya cafe sanda, ya fara hawa, hannu bisa hannu, sandar tana miƙewa da shi, jama'a na ihu. Ya kai ƙololuwa. Sandar ta tsaya cak a tsakiyar rafi kamar tana shawara. Ni da nake juya cuku na san lokacin da abu ya fara karkata inda bai kamata ba, kuma na ga ta fara.

"Af, igiyar takalmina ta kwance," in ji Auke.

Safa ce kawai a ƙafarsa, takalman katakonsa suna bakin ƙofa. Amma ya miƙe, ya zo gaban talabijin ya duƙa. Auke mutum ne mai faɗi ta baya, rafin da jama'ar da cocin duk suka ɓace. Na ga hannunsa ya zarce ƙafarsa ya lalubi bayan kabad. Sai ɗif, hoto da ihu suka ɗauke tare.

"Wayyo!" in ji Tante Sietske. "Auke, me ka yi?"

"Santsi ne ya kwashe ni. Wa ke goge daɓen gidan nan haka?"

Na mayar da filogi. Tsohon bidiyon ya yi wani kuka, ya turo kaset, zaren ya biyo shi a cukurkuɗe kamar taliya, ya tsinke gida biyu. Na'urar mai arha kuwa ta daɗe tana ƙyafta fitila, har na cire rai, sannan ta nuna abin da ta kama. Muka sake kallon takalman mai burodi da saniya, don ban san yadda ake tsallakewa ba. A ƙarshe ga Pake a saman sanda, gashin baki a iska, sararin sama a bayansa. A nan faifan ya ƙare.

Tante Sietske ta cire tabarau. "To saukar fa? Auke, ai kana wurin."

Auke ya yi tari. Ya dubi Pake, Pake ya dubi kofinsa.

"Ya sauka," in ji Auke. "Duk ƙauyen nan sun ga saukarsa. Ni dai har yau ban sake ganin irinta ba."

Ta dafa hannun Pake. Jini ya dawo masa fuska, murya ma ta dawo, har ta fi ta da.

"Ka ga abin da ka yi? Shaidata guda ɗaya a duniya! Shekara da shekaru ina adana kaset ɗin nan, ka zo da ƙaton bayanka ka hallaka shi. Baƙin ciki ne, Sietske, tun muna samari yake mini baƙin ciki. Shi ko kwatar gidansu bai taɓa tsallakewa ba!"

Auke ya sunkuya gaban bidiyon. Ya tattara tsinkakken zaren kaset ɗin, ya dunƙule shi ya cusa a aljihunsa, don kada wani mai kirki irina ya ce zai liƙa. Ya zura takalman katakonsa ya fita cikin yayyafi. Pake ya bi shi har bakin ƙofa yana faɗa masa cewa ya rufe ƙyauren lambu da kyau, ba irin rufewar jiya ba.