Takardar da Na Karɓo a Watan Maris

Tun ranar da matata Jannat ta cika a hanyar asibiti, ban sake makara a komai ba. Shekara talatin na koyar da tarihi a Sokode, na san sarakunan da jinkiri ya cinye. Saboda haka da 'yarmu Farida ta ce likitanci za ta karanta, na fara haɗa mata dosiye, wato takardun neman shiga jami'a, tun ba ta zauna bak ba, jarrabawar kammala sakandare.

Cikin abin da ake nema akwai takardar kotu, shaidar cewa mutum bai taɓa aikata laifi ba. A Dapaong aka haifi Farida, lokacin ina aiki a can, don haka na hau mota a watan Maris. Waɗanda na sani a garin duk sun mutu, ko sun koma Lome, wanda a wurina duk ɗaya ne. Na ci shinkafa ni kaɗai a tasha, na dawo da takarda.

Ta ci jarrabawa da kyau. Ranar da aka buɗe karɓar dosiye a Agusta, namu ne ya fara isa. Ba wanda ya duba shi sai bayan an rufe.

Ina karatu a zaure ta shigo da waya a hannu.

"Baba, takardar kotun nan, yaushe ka karɓo ta?"

"Maris. Kafin cunkoso."

"Wata uku take aiki. An rubuta a ƙasanta." Ta zauna a bakin tabarma. "Sun ce sai baɗi."

Ni da nake cire wa yara maki don ba su karanta ƙasan shafi ba.

Ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Wallahi Baba, duk Togo kai kaɗai ne sammako ya sa ka makara."

Na duba zuciyata, baƙin ciki yana nan. Amma a ƙarƙashinsa na tarar da wani abin kunya: shekara guda zan ƙara ina jin motsin mutum a gidan nan.

Kwana uku na yi da wannan daɗin. A na huɗu ta kawo mini koko, ta tsaya ba ta zauna ba.

"Na yi magana da Goggo Amariya. A wurinta zan jira, a Lome. Wannan karon da hannuna zan haɗa komai."

Ranar Alhamis na raka ta tasha.