Furen Mahuwa a Kufai

Kwana uku ke nan Dakta Kelkar yana shiga gandun dajin safe da yamma bai ga ko jelar damisa ba, kuma duk laifin a kan Sukarti ya ɗora shi. Likitan haƙori ne daga birnin Pune, nan ƙasar Indiya, ya zo da matarsa da wata kyamara mai tsawon taɓarya. Irin baƙin nan ne masu ganin tunda sun sayi tikiti, dole damisa ta fito ta gaishe su. Sukarti kuwa shekararta shida tana jagorancin baƙi, ta daɗe da iya cewa "to, ranka ya daɗe" ba tare da maganar ta shige ta ba.

Rana ta ɗan ɗaga lokacin da suka iso mararrabar gindin dutse. Nan birai suka fara irin tarin da ba sa yi sai sun hango damisa, barewa ta amsa musu daga gabas. Dhaniram direba ya kashe motar. Sukarti ta leƙa daga kujerarta tana duba ƙasa, sai ga sawu sabo fil, na damisar da ake kira Mai Tsagaggen Kunne, wadda take shayar da 'ya'ya biyu. Har ta buɗe baki za ta yi wa likita albishir, sai ta ga abin da damisar ta taka. Sawun mutum ne, silifas na roba, ƙafar hagu tana jan ƙasa.

Ta san sawun nan. Sawun mahaifiyarta ne, Fulmati.

Shekara goma sha ɗaya da aka tashi ƙauyensu daga cikin dajin aka mayar da su bayan shinge, amma har yau tsohuwar ba ta yarda cewa bishiyar mahuwar gidansu ta zama ta hukuma ba. Kowane gida da tasa, gado ce. Yanzu kuma lokacin fure ne, yana zubowa da sassafe, ana tsintarsa a tsugune, a shanya a ci ko a sayar. Ko yaron goye a yankin ya san damisa ba ta cika taɓa wanda ke tsaye ba, amma wanda ya tsuguna, a idonta nama ne kamar kowane nama. Jiya Fulmati ta ce gidan ƙanwarta za ta kwana.

Sukarti ta juya harshe zuwa yarensu na Gondi don kada baƙi su ji.

"Kawu, Inna ce. Ta nufi kufai, kuma waccan tana bayanta."

"Kin tabbata? Ba ita kaɗai ke ɗingishi a duniya ba."

"Ni na saya mata takalmin."

Dhaniram ya dubi sarƙar da aka gindaya a hanyar kufai. Motar baƙi ba ta bin ta, wanda aka kama kuwa a ranar za a karɓe katinsa na aiki, kuma shi shekara ashirin da biyu yana ci da wannan kati. Wayoyinsu suna can ƙofa inda ake karɓe su. Rumfar masu gadi mafi kusa tafiyar rabin awa ce. Ya taɓa ɗan gunkin da ke gaban motar, ya kai hannun goshinsa, ya kewaye sarƙar ta cikin ciyawa.

Likita ya washe baki. A zatonsa ƙorafinsa ne ya yi aiki, har yana gaya wa matarsa cewa mutanen nan sai an matsa musu suke motsi. Sukarti ba ta ma ji shi ba. Kunnenta yana kan birai, kuma kukan nasu gaba yake yi, daga bishiya zuwa bishiya, kai tsaye zuwa kufai. Daga nan sai suka yi tsit, wannan kuwa ya fi kukan tayar mata da hankali.

Suka ɓullo ta bayan rusasshen ɗakin ibada. Ga bishiyar, ga Fulmati a ƙarƙashinta cikin koren zane, ta duƙa ta ba daji baya, tana tsinta tana jefawa a kwando. Damisar tana kwance a ciyawa kamar taku arba'in daga gare ta, cikinta a ƙasa, kafaɗunta sun taso.

Kyamarar likita ta fara ƙaras-ƙaras. Shi damisa kawai ya gani. Matarsa ce ta hango tsohuwar, ta toshe bakinta da hannu biyu.

Tsakanin motar da bishiyar akwai tsohon ramin da aka haƙa don aladun daji, mota ba ta tsallake shi. Dhaniram ya danna oda, ya sake dannawa, ya taka mai injin ya yi ruri. Damisar ko kunne ba ta kaɗa ba. To me zai dame ta? A gaban motoci aka haife ta, a gabansu ta girma, mota talatin sun sha kewaye ta tana barci. Su da kansu suka koya mata cewa mota ba komai ba ce. Fulmati kuwa kunnenta ya yi nauyi, ta ɗan ɗaga kai kamar ta ji ƙuda, ta ci gaba da tsintarta. Gara ma da ba ta ji ba, don da ta waiwaya ta ce za ta gudu da wannan ƙafa, da shi ke nan.

Damisar ta matso taku uku ta sake kwantawa.

Abu ɗaya ne bai taɓa faruwa a gabanta ba, mutum ya sauko daga mota. Sukarti ta dira. Dhaniram ya kai hannu ya kama iska. Ta miƙe iya tsayinta, ta ware hannuwa, ta gangara ramin ta hau ɗaya gefen, fuskarta tana wajen ciyawar. Kan damisar ya juyo. Sukarti ba ta taɓa ganin idanun nan ba sai daga saman kujera, yau ga su daidai ƙugunta. Ta ci gaba da takawa a gicciye, tana magana da ƙarfi, maganar da ba ta da kai ba ta da gindi, don dai a ji muryar mutum.

Da ta isa, ta zura hannu ƙarƙashin hammatar uwar ta ɗaga ta tsaye cak. Kwandon ya kife. Fulmati ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta bi inda idon 'yarta yake, ta hango damisar.

Suka tsaya su biyu a manne. Damisar ta yaye leɓe, ta yi wani gurnani can ƙasa wanda Sukarti ta ji shi a ƙirjinta. Ba ta san tsawon lokacin da suka ɗauka a haka ba. Can dabbar ta miƙe, ta dube su kallon raini, ta juya ta shige gora ba tare da sauri ba.

A mota likita ya zama wani mutum dabam. Ya goge hotunan a gabansu ɗaya bayan ɗaya, ya ce shi bai ga komai ba, matarsa ma haka. Dhaniram ya ce a kwantar da tsohuwar tsakanin kujeru a lulluɓe ta da bargo, masu ƙofa ba sa duba mota in za ta fita. Asiri zai rufu, kowa ya tsira da katinsa.

Sai Fulmati ta tambayi inda kwandonta yake.

"Inna, kin ga abin da ya kusa faruwa kuwa?"

"Na gani. Dajinta ne, bishiyata ce. Saura kwana biyar furen ya ƙare, gobe sai in zo da wuri."

"Ba za ki dawo ba."

"Ke za ki hana ni? Kina bin baƙi kina gadina?"

Ba fushi a muryar, kuma Sukarti ta gane da gaske take yi. Ta san uwarta. Roƙo an yi, kuka an yi, bara har kulle ɗaki ƙanen Sukarti ya yi, tsohuwar ta fita ta taga. In aka rufe maganar yau, gobe da asuba za ta sake duƙawa a wurin nan, kuma ba motar da za ta biyo sawunta. In kuwa hukuma ta sani, za a tsare ta, a kai ta gaban alƙali, a toshe inda take ratsa shingen, a ajiye mai gadi a kufai har furen ya wuce.

Ta naɗe bargon ta tura ƙarƙashin kujera, ta zaunar da uwar a gaba inda kowa zai gan ta. Dhaniram ya dube ta ya daɗe. Ta ce masa za ta faɗa musu ita ta tilasta shi. Ya ce ta riƙe abinta, shi ba yaro ba ne, sannan ya tayar da mota.

A ƙofa jami'in da ke gadi ya fito daga rumfarsa, ya tsaya turus da ya ga mutum na biyar a motar. Sukarti ta cire katin da ke wuyanta ta ajiye a kan teburinsa, ta faɗi komai tiryan-tiryan: sarƙar, kufai, saukarta daga mota, da wurin da ake ratsa shingen. Da ya tambayi ko ta san matar, ta ce mahaifiyarta ce.

Jami'in ya sunkuyo wajen tsohuwar, ya ɗaga murya.

"Iya, wannan 'yarki ce?"

Fulmati ta dubi Sukarti tun daga hularta har takalmanta, a hankali, sannan ta mayar da ido kan jami'in.

"Ma'aikaciyarku ce," in ji ta.