Warin da Ke Cikin Turaren Tahidu

Duk unguwar Moshi Zongo ta Tamale babu wanda bai san turaren Tahidu direban yalo-yalo ba, wato keken haya mai ƙafa uku. Tun kafin kekensa ya karyo kwana ƙamshin ke riga shi isowa, har matan da ke jiran abin hawa kan bar wasu kekunan su wuce don su shiga nasa. Kuma matarsa Wasilatu ce ta zaɓar masa shi da hancinta, tun suna zance, a shagon Alhaji Sidiki da ke kasuwar Aboabo. Sunan turaren Sarkin Hanya.

To, ana zaune lafiya sai Sarkin Hanya ya fara wari.

Wata safiya ce Tahidu ya fito wanka, ya murza a wuya da bayan kunne kamar kullum, ya sunkuyo zai ɗauki kofin kokonsa. Sai wani abu ya doki hancin Wasilatu. Ƙamshin yana nan, amma a ƙarƙashinsa akwai wani abu a kwance, mai maiƙo, mai ɗumi, kamar ruwan sama ya jiƙa bunsuru aka kulle shi a ɗaki.

"Maigida, me ka taka?"

Ya ɗaga ƙafa ya duba, ya ɗaga ɗayar. "Daga wanka fa nake, Wasila."

"To koma. Wallahi ba ka fita ba."

Ya yi dariya ya tafi aikinsa. Ita kuwa ta kwashe rigunansa ta jiƙa, ta shanya matashi a rana, ta ja gado tana neman mushen ɓera. Babu ɓera. Washegari warin ya dawo tare da mai shi. Ta koma kwana fuskarta a bango, da gefen zani a hanci. In ya matso sai ta ce zafi take ji. In ya miƙo mata nama da hannunsa sai ta ce ta ƙoshi.

Namiji kuwa zai iya jure a ce masa matalauci, amma ban da a toshe masa hanci. Ran nan ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce, "Ki daina wahalar da zanin nan. Faɗi kawai, ni ne nake miki wari." Ya ɗauki tabarma ya koma zaure.

Gidan haya ne fa, ɗaki na kallon ɗaki. Kafin tabarmar ta gama shimfiɗuwa matan gidan sun gama yanke hukunci: Wasilatu ta gaji da mijinta. Wata ta ce ai tun da ta sayi sabon keken ɗinki kanta ya kumbura. Maganganun ba su dame ta ba kamar abin da ke cin ta a ciki. In a kwalba warin yake, da sauƙi. In kuwa a jikin Tahidu yake, mutumin da take so, yaya za ta yi da sauran rayuwarta?

Tana neman allura a gwangwaninta sai ta ci karo da tsohuwar kwalbar turaren, wadda ta ajiye don zuba man keken ɗinki. Ta ɗauko sabuwar ta jera su. Suna ɗaya. Amma takardar jikin tsohuwar ta ce wardi, sandal, ambar. Ta sabuwar kuwa ta ce banila, ɓawon lemu, udun Dubai. Wasilatu ta tafa hannu ita kaɗai. Ashe tsohon nan ne ya canja haɗi, yana neman kashe mata aure! Ta yafa mayafi ta nufi Aboabo.

Hanyar ma azaba ce. Hayaƙin moto, busasshen kifi, daddawa a faranti, ruwan kwata da rana ta dafa, kowanne sai da ya gaishe ta. Ta isa shagon idonta jawur, ta dangwara kwalaben a kan tebur.

"Alhaji, ka ji tsoron Allah. Me ka zuba wa mijina?"

Alhaji Sidiki ya gyara tabarau. Matarsa Mma Azeta, wadda ke sayar da turaren wuta a gefen shagon, ta jawo kujerarta kusa, don ita ba a yin rigima tana nesa.

"Sannu da zuwa dai tukuna, 'yata," in ji shi. Ya sunkuya ya jawo wata jarka mai shuɗin murfi. "Ga Sarkin Hanya nan. Wancan daga nan na ɗura, wannan ma daga nan. Haɗina bai taɓa motsawa ba."

"To ya aka yi takarda ta motsa?"

"Takarda ai kasuwa take bi. A da wardi ake so. Yanzu 'yan makaranta in ba su ga banila ba, ba sa ko buɗe murfi. Manya kuma kowa udu, ko wanda bai taɓa wuce Kumasi ba."

"Wanne ke ciki ke nan? Wardin ko banilar?"

"Man da ake kawo mini daga kamfani da lamba yake zuwa, ba da fure ba. Ni nake shinshinawa in ga da me ya yi kama. Abin da na rubuta, shi hancin mai saye zai ji. Mutum ya karanta lemu, sai ya rantse ya ji lemu."

Wasilatu ta dafa tebur. "Ni ban karanta bunsuru ba, amma na ji bunsuru."

Alhaji ya dubi matarsa, matar ta dube shi, bakinta har yana rawa don daɗi.

"Nuna mata mana," in ji Mma Azeta.

Ya shiga ciki ya fito da wani ƙahon saniya, an toshe bakinsa da fata. Ya zare fatar. A ciki akwai wani abu kamar man kaɗen da ya tsufa ya yi ruwan ƙasa. Shi ne! Shi ne abin da ke kwana a wuyan Tahidu, amma yau tsirara, babu furen da zai ɓuya a bayansa.

"Jibda ce," in ji Alhaji. "Ɗan kan tsinke nake sa wa jarka guda. Ranar Tamale kin san ta. Mutum yana kan keke tun safe, in babu wannan, kafin ya sauke fasinjan farko ƙamshin ya gudu. Ita ke riƙe shi."

"Icen mene ne?" Wasilatu ta tambaya ta cikin mayafi.

"Ice?" Mma Azeta ta kwashe da dariya har da buga cinya. "Wane ice, 'yar nan! Dabba ce, kamar kyanwa, tana da wata 'yar jaka a ƙarƙashin wutsiya. Sai a riƙe ta, a ɗaga wutsiyar, a sa cokali a kankaro. Da ɗuminsa."

Wasilatu ta tuna duk lokutan da ta cusa fuska a wuyan nan tana lumshe ido. Ta tuna ta taɓa ɗiga turaren a hankicinta ta kai gidan suna. Ta ruga waje, ba ta kai ga kwata ba ma sosai, kokon safe ya dawo.

Da ta ɗago, tana kurkure baki da ruwan leda, ta ce, "Kuma ba ku rubuta ba."

"In rubuta me? Ƙarƙashin wutsiya? Ke za ki saya?"

"Tun yaushe kake sawa?"

"Tun kwalbar da kika zaɓa da kanki, kina cewa ƙamshin aljanna."

Wannan ta ɗaure mata kai. To me ya sa sai yanzu? Mma Azeta ta taso, ta kama haɓarta, ta ja fatar idonta ƙasa, ta kalli tafin hannunta. Sannan ta tambaya, da muryar da ta ce raɗa ce amma har mai tumatir na can ya ji, "Yaushe rabonki da fashin salla?"

Wasilatu ta ƙirga da yatsu, ashe wata biyu ke nan.

Labarin ya riga ta isa Zongo, don Mma Azeta na da waya kuma tana da ƙawaye. Ta tarar matan gidan da suka gama sakin aurenta da baki suna yi mata sannu har da karɓar jaka. Tahidu kuwa fasinja ne ya yi masa barka, ya juyo da keken ko kuɗin bai tsaya karɓa ba.

Ta tare shi daga nesa da hannu. "Tsaya nan. Ga ruwan zafi, ga sabulun salo. Ka cuɗa wuyan nan kamar tukunya. Kwalbar kuma na jefa masai, can ne garinsu."

Amma zuciyarta ba ta kwanta ba tukuna. Washegari ya fita aiki babu turare, ya dawo da la'asar jiƙe da gumi, ƙura har gira, hannu duk baƙin mai. Ya tsaya a tsakar gida kamar mai jiran alƙali, labulaye kuwa duk sun ɗan ɗaga. Wasilatu ta matso a hankali, ta riƙe numfashi, ta kai hanci wuyansa, ta saki.

Gumi. Ƙura. Tahidu. Sai kuma wani abu mai daɗi da ya sa yawunta ya tsinke.

"Mene ne wannan?"

"Fetur ne, tiyo ya ɗan tsage."

"Kar ka gyara," in ji ta, ta zare tsumman goge injin daga aljihunsa.

Tabarma ta koma ɗaki a ranar. Tsumman kuwa yana ƙarƙashin matashinta, baƙi ƙirin, yana naso a zanin gado. Yanzu Tahidu ne ke kwana fuskarsa a bango, da gefen bargo a hanci.