Ɗaurin Majo

Saƙon ya shigo wayar Dakta Raliya ranar Talata da hantsi, tana tsaye ta ɗaga hoton ƙashin wani direba tana dubawa. Ƙungiyar likitocin ƙashi ce daga Yamai. Sun karɓi bincikenta, za su sa ta cikin manyan mambobinsu a taron bana, har da lambar yabo. A tsarin taron an rubuta da manyan baƙaƙe: Ɗaurin Raliya, sabuwar hanyar kare filasta ga manoman tattasai.

Ta karanta sau biyu, kuma ta ji daɗi, ba ƙarya. Shekara goma sha uku tana Difa tana haɗa ƙasusuwa, abokan karatunta na Yamai suna kiranta likitar ƙarshen ƙasa, yau ga shi an tuna da ita. Amma a karatu na uku sai daɗin ya gushe. Kowa a asibitin nan, har mai shara, ya san ɗaurin ba nata ba ne. Ɗaurin Majo ake ce masa.

Majo Kyari shi ne babban nas na ɗakin filasta lokacin da aka turo ta. Dogon Babarbare ne, mai Hausa a karkace, mai bakin tsiya. Ta zo masa sabuwa fil daga makaranta, 'yar 'yan kasuwar Damagaram, kai cike da littafi, hannu kuwa bai san komai ba. Ranar farko ta naɗa wa wani manomi filasta a hannu, Majo ya zagaya ya duba, ya ƙwanƙwasa, ya kira ta da sunan da ake kiran likita a nan, ya ce, "Lokotoro, wannan gini ya yi kyau. Ina za a sa ƙofa?" Ta koma gida ta yi kuka, washegari ta dawo ta tsaya kusa da shi, kuma haka ta yi ta tsayawa har shekara tara.

Difa ta wancan lokacin ita ce har yau take gani in ta rufe ido. Komadugu, kogin yankin, ta kawo ruwa, masu ban ruwa suna ta aiki a bakinta, tattasai a shanye ja wur tun daga gefen hanya har inda ido ya tsaya. Ranar kasuwa manyan motoci su yi layi, buhuna har sama, gari ya ɗauki ƙamshi kowa yana atishawa. Da kaka ta yi kuwa, ɗakin filasta ya cika da waɗanda buhu ya danne da waɗanda suka faɗo daga saman mota.

A nan matsalar take. Manomi ba ya kwanciya don hannu ya karye. Zai koma sheƙa da daka da filastarsa, wadda su suke kira siminti. Garin tattasai ya shige ta bakin filastar, ya haɗu da gumi, ya hau cin mutum inda ba ya iya sosawa. Kwana huɗu, biyar, sai ya sa lauje ya yanke ta, ƙashi ya warke a karkace. Majo shi ne ke naɗa tsohon zane mai laushi a bakin filastar, ya ninka shi ciki da waje, ya ɗinke kamar bakin hannun riga, da sararin yatsa ɗaya don jini ya zagaya. Duk Juma'a a farke a wanke a mayar. Abu ne kamar wasa, amma ya ceci hannaye ba iyaka.

Ita Raliya abin da ta yi shi ne ta bi marasa lafiya ɗari uku shekara huɗu, ta auna, ta ɗauki hotuna, ta rubuta. Aiki ne na gaske, kada a rage mata. Sai dai da ta zo cika takardar ƙungiya, gurbin masu bincike na likitoci ne kawai. Ta sa sunanta ita kaɗai, can ƙasa ta rubuta godiya ga ma'aikatan ɗakin filasta. Ta ce wa ranta ai doka ce, ranta kuma ya yi kamar ya yarda.

Ranar Alhamis bayan la'asar ta ɗauki mota ta nufi gonar Majo, don kada ya ji a rediyo. Majo ya aje aiki shekara huɗu ke nan, yana noma 'yar gona kusa da gari. Ta same shi a gindin bedi, wato dogon yaro, yana gyara tiyon ban ruwa. Ya rame, hannuwan nan da ta daɗe tana kwaikwayo sun tsufa.

"A'a, 'yar Damagaram! Wa ya karye?"

"Ba kowa, Baba Majo. Gaisuwa na zo."

"Lokotoro ba ta gaisuwa ranar aiki. Zauna ki faɗi."

Ta zauna a bakin tabarma ta faɗa masa duka, ba ta rage ba. Da ta zo kan sunan da suka ba ɗaurin, muryarta ta yi ƙasa. Ta ce, "Na ci amanarka, Baba. Kunyarka nake ji."

Ta zaci zai yi mata irin tsiyar nan tasa, kuma da ta fi son haka. Sai ya ajiye tiyon, ya gyara zama.

"Ke shekara nawa kika riƙe ɗaurin da sunanki, biyu? Ni ashirin na riƙe. Ba nawa ba ne."

Ya ba ta labarin. Wata mata ce daga Asaga, ƙauyen bakin kogi, Ya Kaltumi, mai daka tattasai tana kawowa kasuwa. Amalanke ya kife da ita, ya sa mata filasta, ya ce ta dawo bayan sati shida, a ransa ya san ba za ta kai ba. Sai ga ta ranar da ya ce, filasta lafiya lau, bakinta a ɗinke da tsohon zane.

"Na ce, Ya Kaltumi, wa ya koya miki? Ta ce, kai Majo, wanda yaji ya ci ai ba ya jiran a koya mishi. Ta zauna ta nuna mini ɗinkin da hannu guda, har sau uku, tana zagina wai yatsuna kamar na raƙumi." Ya yi dariya, dariyar ta tsaya a hanya. "Da mutane suka fara cewa ɗaurin Majo, na ji daɗi. Kullum in ce gobe zan faɗa. Tana zuwa kasuwa, ina sayen tattasai gare ta, ban taɓa ce mata an gode ba."

"Tana ina yanzu?"

"Da aka tashe su daga bakin kogi saboda rashin tsaro suka dawo gefen kwalta, shekara biyu ta yi ta rasu." Ya dube ta sosai. "Ni ba ni da takardar da zan sa sunanta. Ke kina da ita."

Washegari da safe suka tafi tare. A sabon mazaunin mutanen Asaga, bukkoki da 'yan ɗakunan laka a gefen hanyar Damagaram, suka yi ta tambaya har aka kai su wurin 'yarta Aliya, mace mai shekara arba'in da wani abu, tana tankaɗe a tsakar gida. Da Majo ya yi mata bayani da Barbarci, ta tsaya da rariya a hannu tana dubansu kamar waɗanda suka ɓata hanya.

"Ɗinkin tsumman nan?" ta ce da Hausa. "Shi kuka zo mishi da mota?"

Ta ba su cikakken sunan, Kaltumi Grema. Hoto babu, ya tafi da gidan da suka bari. Amma ta ba su labarin gonarsu ta bakin ruwa, da yadda uwarta ke waƙa in tana daka, da yadda a nan gefen kwalta ta kan zauna da yamma ta juya fuska wajen kogi. Raliya ta ji kewar wurin da ita ba ta taɓa zama ba.

Daga cikin mota ta kira Farfesa Nuraddeen, shugaban kwamitin ƙungiyar, wanda ya koyar da ita a jami'a. Ta ce a gyara takardar, a sa Kaltumi Grema a farko, sai Majo Kyari, sai ita. Ya saurara har ta gama. Mutumin kirki ne, sai dai ƙa'ida ta shige masa jini.

"Raliya, kin san abin da kike yi? In kin canja masu bincike, dosiye, wato takardunki duka, ya koma kwamiti. Ba shiga bana, ba lambar yabo. Taro na gaba sai bayan shekara biyu, kuma ban ce za su yarda da mai daka a kan takardar kimiyya ba."

"Na sani, Farfesa."

"Godiya a ƙasa ba ta isa ba?"

"Ita ta ƙirƙiro shi. Ni aunawa na yi."

Ya ja numfashi. Ya ce abin da zai iya shi ne ya bar mata minti goma ta yi bayani a taron. Da ta kashe wayar sai ta ji zafin abin har cikin ƙirji, don tana son lambar nan, ta so ta tun tana ɗaliba. Majo yana gefe bai ce mata sannu ba. Ya ce, "Tuƙa a hankali, Lokotoro, in na karye ba na yarda ke ki ɗaure ni."

Ranar taron a Yamai suka ba ta lokacin da ba wanda ke so, gab da cin abinci, rabin zauren ya riga ya fice. Kafin ta hau ta kira Majo, wanda ya je ya zauna a gidan Aliya tun safe, ta ajiye wayar a buɗe kusa da makirfo. Ta yi bayaninta da Faransanci, da hotuna da alƙaluma, kamar yadda ake yi. Sai a ƙarshe ta juya zuwa Hausa, wasu suka ɗago kai daga wayoyinsu.

"Wannan ɗauri na Kaltumi Grema ne, manomiyar tattasai daga Asaga. Majo Kyari ya koya daga gare ta, ni kuma na koya daga gare shi. Allah Ya ji ƙanta."

Tafin bai taka kara ya karya ba. Wasu tsofaffi biyu uku suka ce amin, Farfesa ya gyaɗa kai, mutane suka nufi ƙofa. Ta sauko ta tsaya bayan wani ginshiƙi, ta kai wayar kunne.

"Baba Majo, kun ji?"

Ta ƙara manna wayar a kunne. Tana jin kaji, da muryoyin mata da yawa, da alama maƙwabta sun taru. Can sai ta ji muryar Aliya kusa da wayar.

"Lokotoro, iska ta ɗauke mana wurin sunan. Don Allah ki sake faɗa."

Raliya ta dubi zauren, masu aiki sun fara kwashe kujeru. Ta koma ta hau, ta kunna makirfon, ta sake faɗa a hankali, da ƙarfi.