Ɗigon da Tanimu Ya Goge

Zazzaɓi ya sauko wa Tanimu bakanike bayan azahar, yana zaune kan benci a gindin dalbejiya, tsumma dunƙule a hannunsa. Ga bas ɗin Ɗan'azumi a gabansa, inji a buɗe. Sau biyu cikin mako guda yana ɗaura mata sabon bel ɗin taimin, mai haƙoran nan da ke daidaita bugun inji, sau biyu bel ɗin yana tsallake haƙori, motar ta dawo tana tari. Na uku ke nan ya ɗaura, ya ɗame shi tamau. Da la'asar Ɗan'azumi zai ɗebi mutum goma sha takwas, ya bi da su ta dajin da direba ko fitsari ba ya tsayawa yi.

"Jabu Maikano yake sayar mana." Abin da Tanimu ya faɗa wa duk garejin ke nan. Maganar har ta kai kunnen Maikano mai shagon kayan gyara.

Ya jingina kai da bishiya. Ido ya yi nauyi.

Sai ya ga titi ya miƙe baƙi wuluk, ya fid da haƙora jere, yana tafiya da kansa. Ya hau sama ya naɗe rana, ya sauko ƙasa ya naɗe wata, yana juya su tare. Jikin kowanne akwai ɗigon farin alli, irin alamar da Tanimu yake yi don sama da ƙasa su daidaita. Alamun sun saɓa.

A gefen titin wani tsohon maciji ne kwance, baki duk giɓi.

"Sannu da aiki, Oga. Ni ne bel ɗin da ka ɗaura ranar Litinin."

"Jabu ne kai."

"Haka na ji kana faɗa. Shafa bayana."

Tanimu ya shafa. Santsi. Yatsunsa suka fito baƙi.

"A bushe na baro shago," in ji macijin. "Biyo ni."

Suka shiga wani gari inda komai ya saɓa da lokacinsa. Ladan yana kiran asuba rana tsaka. Ƙofa tana rufewa kafin mai shiga ya shige. Uwa tana rarrashi, sai ta yi shiru sannan jariri ya fara kuka. A tsakiyar garin mata biyu suna lugude a turmi ɗaya, wannan ta ɗaga, waccan ta sauke, ba mai taɓa wata. Tanimu ya tsaya yana sauraro, don haka lafiyayyen inji yake bugawa. Can sai titi ya yi ƙas a ƙarƙashinsu, ya tsallake haƙori ɗaya. Taɓare biyu suka sauko tare suka gwabza. Turmi ya dare. Geron da ya zube kowace ƙwaya da ɗan ƙullin kayanta a ka. Ya ƙirga: goma sha takwas.

"Wace ce ta yi kuskure a cikinku?"

"Babu, ɗan nan," in ji babbar. "Lokaci aka zame mana."

Ya juya zai tambayi macijin, sai ya tarar da Maigida Bawa, wanda ya koya masa aiki, shekara tara da rasuwa, zaune kan tsohuwar taya. Tsohon ya ɗauki dogon sukudireba, ya kafa tsinin a ƙirjin Tanimu, ya manna ƙotar a kunnensa, kamar yadda yake sauraron inji sa'ad da yake raye. Ya daɗe yana ji.

"Wannan yana yoyo."

"Maigida, na ɗame shi fa."

"Ɗamewa ai tun ranar da ka fara riƙe sifana ka iya. Buɗe hannunka."

Tanimu bai so ba, amma yatsun suka buɗe da kansu. Cikin tsumman akwai ɗigon baƙin mai, girman ƙwayar ido, yana kallonsa.

"Ranar Litinin ka gan ni," in ji ɗigon, da 'yar siririyar murya. "Ina leƙowa daga sil, robar da ke tare man inji, daidai inda bel yake bi. Ka riga ka gama ɗauri. Ka waiga dama, ka waiga hagu, ka goge ni. Ranar Laraba ka sake."

"Ɗigo ɗaya ne kawai."

"Ni kaɗai ka gani. Dangina suna baya."

"In na faɗa, sai a ce Tanimu ya rufe inji bai duba sil ba." Tanimu ya juya ga tsohon. "Maigida, shekara ashirin da biyu ba a taɓa dawo mini da aiki da laifina ba."

Maigida Bawa ya sauke sukudireban, ya dube shi ba fushi ba fara'a.

"To kwantar da hankalinka. Waɗannan ma ba za su dawo ba."

Sai ga bas ɗin tana tahowa kan titi mai haƙora, ba ƙara ko kaɗan. Fasinjoji sun zuba tagumi. Maikano yana bin ta a ƙasa, a duƙe, da wani ƙaton buhu a ka an rubuta masa jabu da alli, kuma rubutun hannun Tanimu ne. Tanimu ya wage baki zai ce a tsaya. Bakin ya buɗe, murya ba ta zo ba. Sai da motar ta shige daji sannan ihun ya iso, ya faɗo gabansa kamar noti cikin yashi.

Ya zabura, jiki sharkaf da gumi. A masallacin gareji har an sallame la'asar. Inda bas ɗin take, fili.

"A'a, Oga, ka tashi?" in ji Ilu mai faci daga rumfarsa. "Ɗan'azumi ya ce kada a tashe ka, jikinka da zafi. Shi ya rufe injin da kansa. Wai a gaya maka yau kam kamar agogo, Allah ya ƙara basira."

Tanimu ya dubi ƙasa. Ba ɗigo ɗaya ba ne. Jere suke, baƙaƙe, ɗanyu, sun fita ta ƙofar gareji sun hau kwalta. Ya laluba aljihu ya zaro waya ya kira Ɗan'azumi, tsumman bai bar hannunsa ba.

Tana shiga. Tana shiga. Ba a ɗauka ba.